Tseren Pardubice: wai dokin da aka raina ne ya kamata a zuba wa kuɗi?

Likkafa_82: Salamu alaikum jama'a. Oktoba na ƙaratowa, kuma a ranar Lahadi ta biyu ta watan ake yin Velká pardubická a garin Pardubice na Jamhuriyar Cek. Mita 6,900 ne, shingaye 31, ana yin sa tun 1874. Ga abin da nake gani, masana su gyara min. A tsere irin wannan da doki ke faɗuwa, mahayi ya ɓata hanya, wani ya banke wani, zuba kuɗi a kan dokin da kowa ya yarda da shi asara ce. Gara mutum ya raba kuɗinsa kan dawaki uku ko huɗu masu babban od, wato yawan ninkin kuɗin da ake biya in doki ya ci, ɗaya ya ci ya mayar da komai har da riba. Ko ba haka ba?

Mai_Lissafi: Wa alaikumus salam. Rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ne abin da gidajen caca ke so ka yarda da shi. Fara da haɗarin. A ce a kowane shinge akwai kashi 1 cikin 100 na yiwuwar doki ya faɗi, ko ya kayar da mahayinsa, ko ya turje. Ka ninka 0.99 sau 31, za ka samu kusan 0.73. Wato ko dokin da ya fi kowa iya tsalle yana da kusan kashi 27 cikin 100 na rashin kaiwa ƙarshe. In ka mai da haɗarin kashi 2, sauran 0.53 kacal. Misali ne kawai, ba ƙididdigar tseren ba ce, amma ya nuna dalilin da ya sa wanda aka fi yarda da shi a nan ba ya samun ƙaramin od irin na gajeren tsere a shimfiɗaɗɗen fili. Inda ka kuskure shi ne, wannan haɗarin bai bar dokin da aka raina ba. Shi nasa ma ya fi yawa, tunda yawanci rashin iya tsallen ne ya sa aka raina shi.

Sarkin_Barga: Malam Mai_Lissafi, lissafinka ya ɗauki shingayen kamar buhunan gero masu nauyi ɗaya. Ba haka filin yake ba. Shinge na huɗu shi ne Taxis: shingen itatuwa mai tsayin kusan mita ɗaya da rabi, bayansa gwalalo wanda doki ba ya gani sai yana sama. Sau ɗaya a shekara ake tsallake shi, a wannan tseren kaɗai, ba a yarda a yi atisaye a kansa ba. Kuma yana zuwa ne tun dawakin suna cunkushe wuri ɗaya da zafin kansu, don haka ko naka ya tsallake lafiya, zai iya dirowa a kan wanda ya faɗi a gabansa. An rage zurfin gwalalon a shekarun 1990, aka sake gyara shi a 2021 bayan wani doki ya mutu a wurin a 2020, amma har gobe nan ne tikiti da yawa ke yankewa kafin a yi minti biyu da tashi.

Bayan Taxis kuma sai tudun da suke kira na Ireland. Wannan ba tsallake shi ake yi ba, hawa ake yi a sauka ta ɗaya gefen. Dokin da ya saba da shinge kawai yakan iso nan ya tsaya cak, na bayansa su taru a kansa. Akwai ramukan ruwa, akwai shingaye biyu da ke kusa da juna da suke kira lambuna, inda doki ke dira ya sake tashi ba tare da ya samu tazarar gyara ƙafa ba. Kowanne da irin dokin da yake kayarwa.

Mai_Lissafi: Na karɓi gyara, Sarki. Haɗarin a tattare yake a wurare kaɗan. Amma jimillar ba ta canza abin da nake nufi ba.

Bintu_Linzami: Kun manta da gonar. Wani sashe na hanyar ba ciyawa ba ce, ƙasa ce da aka kafce da garma, kuma ana ratsa ta fiye da sau ɗaya. In an yi ruwa a makon, ƙasar nan tana kama kofato kamar danƙo, dokin da ke da gudu amma ba shi da dogon numfashi yana ƙarewa tun kafin kwanar ƙarshe. In kuwa an yi kwanaki babu ruwa, ƙura ce ke tashi, tseren ya yi sauri, masu gudu su samu yadda suke so. Shi ya sa lokacin kammalawa ke yawo tsakanin kusan minti tara zuwa goma da wani abu. Duk wanda ya zaɓi doki tun watan Agusta bai san wace irin ƙasa zai taka ba.

Dan_Kwalli: To ai wannan duk yana goyon bayan Likkafa ne. In komai na iya faruwa, me zai hana a bi manyan od? A tseren Grand National na Ingila na 1967 Foinavon ya ci a kan 100 da 1, wato ribar 100 a kan kowace 1, saboda wani doki da ba mahayi ya gitta a shinge na 23 ya hargitsa kowa. Mon Mome ma ya ci a kan 100 da 1 a 2009.

Alhaji_Turke: Ɗana, shekara 42 ke tsakanin misalanka biyu. Ka lissafa kuɗin da aka zuba wa masu 100 da 1 a tsakani.

Kuma kada a haɗa tseren biyu. Grand National handikaf ne: ana ɗora wa dokin da ya fi ƙarfi nauyi mai yawa, a rage wa mai rauni, don a kusanto da su. Ga yawa, da dawaki 40 ake tashi, aka mayar 34 daga 2024. A Pardubice nauyi ɗaya kowa ke ɗauka, kilo 70, goɗiya kuma a rage mata kilo biyu. Babu wanda ya ɗaure wa gwani dutse a baya. To in nauyi ɗaya ne, kuma fili ne da sai wanda ya san shi, me zai faru? Masu ci su ne za su yi ta maimaitawa. Železník ya ci a 1987, 1988, 1989 da 1991. Peruán ya ci sau uku a jere daga 1998 zuwa 2000. Tiumen daga 2009 zuwa 2011. Goɗiyar nan Orphee des Blins daga 2012 zuwa 2014. Registana sau biyu, Sixteen sau biyu. Wannan ba tarihin tseren da sa'a kaɗai ke yanke hukunci ba ne.

Sarkin_Barga: Alhaji ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. A ƙara da mahaya. Josef Váňa ya ci sau takwas, na ƙarshe a 2011 yana da shekara 58. Peter Gehm ya ci huɗu a jere, 2001 zuwa 2004, a kan dawaki uku daban. Hanyar ba da'ira ba ce da za ka bi shinge ka dawo, tana murɗawa tana ratsa kanta, akwai alamomin kwana da dole ka zagaya ta gefen da aka ce. A 2008 dokin nan Amant Gris ne ya fara isowa, aka soke shi saboda ya kauce wa wata alamar kwana, aka ba Sixteen. Shi kansa Gehm, da ya kai Registana filin Cheltenham na Ingila a Nuwamba 2004, yana kan gaba ya bi hanyar da ba ita ba dab da ƙarshe. Gwani ke nan, a filin da ba nasa ba. Baƙo ko da idonsa ya kai ƙwarya, makaho ne.

Likkafa_82: To dawakin waje fa? Na ga in na Ingila ko Ireland ko Faransa ya zo, od ɗinsa yakan sauka.

Bintu_Linzami: Yana sauka ne saboda mutanen ƙasarsa sun san sunansa suna zuba masa, ba don ya san filin ba. Daga Ingila, Chris Collins ya ci da Stephen's Society a 1973, Charlie Mann ya ci da It's a Snip a 1995. Ka duba tazarar. Dawakin gida kuwa suna da tseren share fage huɗu a wannan filin daga Mayu zuwa Satumba, mita 5,800 kowanne, suna taka gonar, suna hawa tudun, amma ba sa taɓa Taxis. Abin dubawa a sakamakon share fagen ba wanda ya zo na ɗaya ba ne kawai. Wasu masu horarwa kammalawa kawai suke so don dokin ya cancanta, ba sa matsa masa. Doki zai zo na biyar a Yuni da gangan, a Oktoba ya zama wani abu daban. Kuma ƙarin mita 1,100 ɗin nan shi ke raba mai numfashi da mai haki.

Malam_Hashimu: Jama'a ku yi haƙuri in shigo. Ana ta zancen od da riba kamar cinikin gyaɗa. Wannan caca ce, kuma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida ba su bar wani shakku ba, tare da giya aka ambace ta. Kada kuma wani ya kawo hadisin da ya halatta kyauta a tseren doki da raƙumi da harbi. Wannan yana magana ne a kan ladan da ake ba mai tseren, kamar yadda sarki ko wani mai hali zai sa kyauta a sukuwa. Ɗan kallo ya zuba kuɗi, in ya dace ya kwashe na wasu, in bai dace ba nasa ya tafi, wannan ba ya cikin sassaucin. Son doki halal ne, kallon tsere ba laifi, amma a san inda iyakar take.

Dan_Kwalli: Allah ya gafarta Malam, an ji. Amma dai a bari a ƙarasa bayanin, ko don mutum ya san abin da yake gudu.

Mai_Lissafi: Malam, lissafin ma a gefenka yake. Bari in nuna. Kowane od yana ɗauke da kaso: ka raba 100 da od ɗin. A ce dawaki 12 ne, allon kuma ya nuna haka: ɗaya 3.50, ɗaya 5.00, ɗaya 6.00, ɗaya 8.00, biyu 10.00, huɗu 21.00, biyu 34.00. Kasonsu ke nan 28.6, da 20, da 16.7, da 12.5, da 20 na biyun, da 19 na huɗun, da 5.9 na biyun ƙarshe. Ka tara, 122.7 ne. Da adalci ake yi, 100 zai kasance, tunda doki ɗaya ne zai ci. Rarar 22.7 ɗin ita ce ladan gidan. Ma'ana in jama'a suka zuba daidai da wannan rabon, a duk 100 da ta shiga, kusan 81 da rabi ne ke komawa hannunsu, ko wane doki ya ci.

Yanzu ga amsar Likkafa kai tsaye. Gidan ba ya raba ladan nan daidai a kan kowane doki. Ya fi lafta shi a kan masu babban od, domin ya san mutane na son zuba kaɗan su yi mafarkin mai yawa, ba sa tsayawa ciniki. Dokin da damarsa ta gaskiya ɗaya cikin 60 ce, a rubuta masa 34.00 ka ga kamar an yi maka kyauta, alhali an ci kusan rabin haƙƙinka. Wanda aka rubuta wa 3.50 kuwa wataƙila gaskiyarsa 4.00 ce. Duka biyun asara ne a tsawon lokaci, amma raba kuɗi kan waɗanda aka raina shi ne hanyar da ta fi saurin ƙarar da aljihu. An daɗe da gano wannan a kasuwannin tseren doki.

Issoufou_Damagaram: Ina yi wa kowa sallama daga Nijar. Abin da Mai_Lissafi ya bayyana tsarin tsayayyen od ne. Akwai na biyu, na tukunya, irin PMU da LONANI, hukumar cacar ƙasar Nijar, ke sayarwa a nan a kan tseren Faransa, masu tiyarse da karte, wato masu canken dawaki uku ko huɗun farko, sun san shi. A wannan tsarin ba da gidan kake karawa ba, da sauran masu zubi kake. Ana tara kuɗin kowa, gidan ya cire kasonsa tun farko, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. A ce an tara 1,000,000, aka cire kashi 25 cikin 100, saura 750,000. In 150,000 aka zuba wa dokin da ya ci, kowace 1 ta zama 5. In kuwa ana dab da tashi wasu suka ƙara masa har ya kai 250,000, tukunyar ta zama 1,100,000, bayan cirewa 825,000, rabonka ya sauko 3.30. Matsalar ke nan: lambar da ka gani a allo lokacin da ka biya ba alƙawari ba ce, sai an rufe ake sanin ta gaskiya. A tsayayyen od kuwa abin da ke kan tikitinka shi ne naka.

Alhaji_Turke: Shi ne naka, sai dai in an janye doki. Malam Issoufou, a gidajen da ke bin ƙa'idar Ingila akwai doka ta 4. In ka karɓi od bayan an fitar da jerin ƙarshe, sannan aka janye wani doki, ana zaftare ribarka gwargwadon ƙarfin wanda aka janye. In yana kan 4.00, ana cire kashi 25 cikin 100. In yana tsakanin 7.00 da 10.00, kashi 10. In ya haura 15.00 ba a cire komai. Misali ka zuba 1,000 a kan 9.00, ribarka 8,000 ce. Aka janye mai 4.00, riba ta koma 6,000, a haɗa da uwar kuɗinka ka karɓi 7,000 maimakon 9,000. Uwar kuɗin ba a taɓa ta.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne zubin wuri, wanda ake yi makonni kafin tseren don a kama babban od. A nan in dokinka ya ji rauni a atisaye, ko bai cancanta ba, ko mai shi ya fasa, kuɗinka sun tafi, ba a mayarwa, sai in gidan ya rubuta ƙarara cewa yana mayarwa. Dokin tsalle kuwa jijiyar ƙafa ba ta ba da sanarwa.

Hajiya_Kilisa: Tambaya. Wasu na cewa mafita ita ce zubi mai baki biyu, wanda Turawa ke kira each-way, wai ko dokin bai ci ba in ya shigo cikin ukun farko an tsira. Gaskiya ne?

Mai_Lissafi: Hajiya, ya danganta da od. Zubi biyu ne a tikiti ɗaya, don haka 1,000 tana nufin 2,000: rabi a kan ya zo na ɗaya, rabi a kan ya samu gurbi. A tseren da ba handikaf ba mai dawaki takwas ko fiye, abin da aka saba shi ne gurbi uku, a biya ɗaya bisa biyar na ribar. Doki mai 11.00: in ya ci, 11,000 da 3,000, jimilla 14,000. In ya zo na biyu ko na uku, 3,000 kawai, ribar 1,000 ke nan. Amma mai 4.00 in ya zo na biyu, 1,600 za a ba ki a kan 2,000 da kika zuba, kin yi asarar 400 kina murna. Sai od ya kai 6.00 ne gurbi ke mayar da uwar kuɗi cif. In kuma ya faɗi a Taxis, baki biyun duka sun tafi tare. Sannan a duba sharaɗin kowane gida, ba duka ne ke bin wannan rabon ba.

Sarkin_Barga: Ga wani abu da ba a cika tunawa da shi ba sai ya faru: kunnen doki. A 2024 Sexy Lord da Godfrey sun iso tare, hoto ma bai raba su ba, bayan kusan kilomita bakwai. A tsayayyen od, ƙa'idar ita ce a raba uwar kuɗinka biyu, rabi ya faɗi, rabi a biya shi da cikakken od. Wanda ya zuba 1,000 a kan 7.00 zai karɓi 3,500, ba 7,000 ba.

Dan_Kwalli: To batun sokewa da aka ambata fa? Wanda ya zuba wa Amant Gris a 2008 ya ci ko ya faɗi?

Alhaji_Turke: Da sakamakon da alƙalai suka tabbatar a ranar ake biya. Amant Gris a ranar aka soke shi, don haka a ƙa'ida masu Sixteen ne da kuɗi, sai dai gidan da ya yi alƙawarin biyan wanda ya fara tsallake layi. Ka kwatanta da 2015. Nikas ne ya zo na ɗaya, aka tabbatar, daga baya gwaji ya nuna haramtaccen sinadari a jikinsa, aka ƙwace aka ba Ribelino. A littafin tarihi Ribelino ne zakara, amma mai tikitinsa ba ya da abin karɓa, an riga an biya an rufe. Kada kuma a yaga tikiti ko a yi murna kafin a sanar da tabbatarwa.

Bintu_Linzami: Tunda ana tarihi, a 1909 babu dokin da ya kammala ko ɗaya. Kuma a 1991 Železník ya faɗi a tsakiyar tseren, Váňa ya sake hawa ya ci. Masu kallon tsofaffin bidiyo kada su ɗauka haka abin yake ko'ina yanzu, a Birtaniya an hana sake hawa bayan faɗuwa tun 2009.

Hajiya_Kilisa: Mace ta taɓa ci kuwa?

Bintu_Linzami: Sau ɗaya. Lata Brandisová, a kan goɗiya Norma, 1937.

Issoufou_Damagaram: Ina ganin abin da ke ruɗar mutanenmu shi ne idon sukuwa da muke kallon abin da shi. A sukuwarmu, ko a Damagaram ko Kano ko Katsina, fili ne a shimfiɗe, busasshe, ba shinge, wanda ya fi gudu da kyakkyawan tashi yakan kai. A can kuwa mahayin da ya saki linzami tun farko ya kashe dokinsa. Za ka ga gwanaye suna tafe a tsakiya ko gefe, suna neman sarari a gaban kowane shinge don kada wani ya faɗo musu, sai an fito daga gonar ƙarshe an hau ciyawa sannan a fara tseren gaske. Mai zubi ana cikin gudu, in ya ga doki ya ba da tazara a rabin hanya ya bi shi, sau da yawa gajiyayye ya saya.

Sarkin_Barga: Ba kullum ba, Malam Issoufou. Orphee des Blins daga gaba take jan su, kuma ba a kamo ta. Amfanin gaba shi ne babu mai faɗuwa a gabanka, kuma ba ka shan ƙura ko taɓon wasu. Sai dai dokin da zai iya hakan a mita 6,900 ba a samun sa kowace shekara.

Likkafa_82: To yanzu in na fahimta, Alhaji da Sarki na cewa tsofaffin hannu ne ke ci, Mai_Lissafi na cewa ko su ɗin ma an rage musu farashi, Malam Hashimu kuma na cewa a bar abin gaba ɗaya. Amma har yanzu akwai shekarun da ba a maimaita ba. Daga 2015 zuwa 2023 kowace shekara sabon doki ne ya ci: Ribelino, Charme Look, No Time To Lose, Tzigane du Berlais, Theophilos, Hegnus, Talent, Mr Spex, Sacamiro. Tara a jere. Ina maimaicin yake a nan?

Alhaji_Turke: Ka kama ni a nan, dawakin ba su maimaita ba. Amma duba masu hawan. Jan Faltejsek, wanda ya hau Orphee des Blins sau ukun nan, shi ne a kan Charme Look, da Tzigane du Berlais, da Sacamiro, shi ne kuma a kan Godfrey a kunnen dokin 2024. Lukáš Matuský ne a kan Hegnus da Mr Spex. Sabon suna a jerin zakaru ba ya nufin dokin da aka raina ne.

Dan_Kwalli: In haka ne sai a bi mahayi kawai a huta.

Mai_Lissafi: Mai rubuta od ɗin ma ya san sunan Faltejsek. Da zarar an sanar da dokin da zai hau, lambar ta sauka.

Malam_Hashimu: Ni dai na faɗi nawa.

Bintu_Linzami: Likkafa, in kana son gwada ra'ayinka ba sai ka fitar da ko sisi ba. Ka rubuta od ɗin dawaki huɗun da ka zaɓa a safiyar tseren, ka sa wa kowanne 1,000 a takarda, ka rubuta na wanda aka fi yarda da shi a gefe da 4,000. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, don haka ka haɗa da tseren share fagen huɗu da irinsa na Cheltenham a watan Maris. Sai dai ka lura, na Cheltenham ɗin an mayar da shi handikaf daga 2025, kada ka cuɗa sakamakonsa da na shekarun da dokin nan Tiger Roll ya ci a 2018, 2019 da 2021, lokacin ba handikaf ba ne.